Soron da Igiyar Rabon Gado Ta Ratsa

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar muka bar Kano, mu uku a mota ɗaya. Ni ne, da abokina wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a sakandare kafin ya yi ritaya, sai ƙanin matata, mutumin Roni, wanda motar tasa ce kuma shi ya san hanya. Masu bibiyata a nan sun san sana'ata: siminti nake sayarwa, da rodi da kwanon rufi. To me ya kai mai siminti yawon ganin ginin ƙasa? Wata magana ce da na gaji da ji a bakin shago. Duk wanda ya zo sayen kaya daga ƙasar Kazaure, sai ka ji ya ce, "Alhaji, wani tsohon gini muka kawar, za mu yi na zamani." Na ji ta har ba adadi. Rannan na tambayi kaina, wai wane irin gini ne ake ta kawarwa haka, ni kuwa ban taɓa sa shi a ido ba? Da na faɗa wa abokina, bai ja zance ba. Ya ce in dai gani nake so, to in yi sauri.

Damina ta zo ƙarshe, an fara yankan gero, dawa kuwa tana tsaye ta fi mutum tsawo. Daga Dambatta zuwa gaba ko'ina kore shar. Mun tsaya a bakin titi wajen wata mai ƙosai muka ce ta ba mu na dubu, ta zubo mana abin da na ɗari biyar ɗin bara ya fi shi auki. Ƙanin matata ya ɗaga guda ɗaya ya ce, "Hajiya, ƙosan nan jinya ya yi ne?" Ta ce ya je ya tambayi mai wake da mai man gyaɗa. Muka kora da koko muka ci gaba.

Kafin ka shiga Kazaure duwatsu ne ke fara tarbarka, wasu a tsaye, wasu kamar an ɗora su da hannu. Ga ruwa ya kwanta a gindinsu, ga shanu suna gangarowa sha, ga farin balbela a bayansu. Na sa aka tsayar da mota na fito na tsaya kallo kawai. Hanya ce da ta isa a ce mutum ya baro garinsu takanas don ya bi ta. Amma babu ko allo guda da zai ce maka ga abin da ke gabanka, babu inda baƙo zai zauna ya huta. Ban damu ba a lokacin, domin ban san abin da ke jirana ba.

Abokina ya tuna cewa yana sabon malami ya taɓa kawo ɗalibai wani tsohon gari a bayan Kazaure, suka ga ragowar ganuwa. Ya ce tsayinta ya kai mutum biyu, kaurinta kuwa jaki zai yi tafiya a kanta da kaya. Mun fi awa guda muna nemanta. Muka tambayi wasu 'yan acaɓa a mararraba, ɗayansu ya ce shi dai bai san wani shago mai wannan suna ba. Abokina ya cire tabarau ya goge. Daga ƙarshe wani dattijo da muka samu yana tufkar igiya a ƙofar gida ya ajiye aikinsa ya yi mana jagora.

Ya kai mu bayan gari ya nuna da sanda. Na duba ban ga komai ba, sai wani tudu mai kama da suri, tsawonsa bai fi taku ashirin ba. Awaki biyu na kwance a kansa. Gindinsa juji ne, leda da toka da tsumma da abin da ba zan faɗa ba. Jikinsa kuwa duk ramuka, kamar ɓera ya shiga ƙullin tuwo. Na ce, "Baba, ruwa ne ya ci ta haka?"

Ya ce, "Ina ruwa! Mutane ne. Ai ƙasar ganuwa ta fi kowace ƙasa, kakanni sun riga sun cuɗa ta. Kowa zai yi katanga nan yake zuwa da kura."

Na tambaye shi shekarunta. Ya ce shi ba shi da lissafi, amma kakansa ya gaya masa cewa nasa kakan ma a tsufe ya tarar da ita. Abokina ya ce irin waɗannan ganuwoyi a ƙasar Hausa wasu sun kwashi ɗaruruwan shekaru, tun kafin jihadi da nisa, wannan kuwa ba wanda ya taɓa zuwa ya bincika. Ya durƙusa ya zaro wani dunƙulen ƙasa mai siffar ƙwai daga cikin rami, ya miƙo mini. Tubali ne, irin wanda ake mulmulawa da hannu. A jikinsa akwai sawun yatsu huɗu, sun fito sarai. Na ɗora nawa yatsun a kai suka zauna daidai. Wani mutum ya mulmula wannan da hannunsa don ya tsare iyalinsa daga mahara, yau jikokinsa suna zuba masa shara. A nan raina ya fara ɓaci, kuma bai sake komawa daidai ba har muka dawo gida.

Bayan azahar muka nufi Roni. Titin a wasu wurare sumul, a wasu kuwa sai direba ya zaɓi ramin da ya fi sauƙin faɗawa. A gidan surukaina aka tarbe mu da ɗanwake mai zafi da fura da nonon da Fulanin bayan gari suka kawo da safe, wanda cokali ke tsayawa a cikinsa. Na ci har na ji kunya. Ba mu huta ba, domin ƙanin matata ya ce akwai kufai a kan wani dutse da suke hawa suna yara, kuma gara mu hau da sauran rana.

Hawan ya gwada mini shekaruna. Sau uku ina tsayawa wai ina ɗaukar hoto, alhali numfashi nake nema. Amma da muka kai sama na manta da gwiwoyina. Katangar dutse ce ta zagaye kan tsaunin, an jera duwatsu ɗaya bisa ɗaya ba laka ba komai, kowanne ya kama ɗan'uwansa. A ciki akwai da'irori inda ɗakuna suka taɓa tsayawa, da ramukan da niƙa ya kwarzane a jikin falalen dutse, sun yi santsi kamar cikin akushi. Daga can kana hango gonaki da garuruwa har inda ido ya ƙare. Duk wanda ya zaɓi wurin nan ya san abin da yake tsoro, kuma ya san gini. Ni da nake sayar da abin haɗa dutse da dutse na tsaya ina shafa katangar da ba ta nemi komai daga irina ba.

Ta ɗaya gefen muka sauko, a nan muka ji ƙarar guduma. Mutane biyar ne suna fasa dutse suna tara tsakuwa, tifa na jiransu a ƙasa. Na lura ba jikin tsaunin suke sara ba. Katangar suke gangarowa da ita, dutse bayan dutse, har sun cinye wani ɓangare mai tsawo. Na yi musu sallama na ce ko sun san abin da suke fasawa. Babbansu ya share gumi ya ce, "Alhaji, wannan ai a tsince yake. Na jikin dutse sai ka kwana biyu kana dukansa." Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga tafin hannunsa duk ya tsattsage. Ban san da wa zan yi faɗan ba. Mai tifa ba ya nan, wanda ya ba da izini ba ya nan, waɗanda ya kamata su hana ko sanin akwai wurin ba su yi ba. Na sauko ina ta huci ni kaɗai. A Roni muka kwana.

Washegari muka kama hanyar Gwiwa. Ƙanin matata ya ji labarin wani soro a wani ƙauye can ciki, wanda ake ce wa soron fatake, domin wani attajiri da ke fatauci zuwa arewa da jakuna ne ya gina shi, tun zamanin da ba mota. Ruwa ya yanke hanyar ƙauyen, don haka muka bar mota a gindin wata tsamiya muka hau babura. Mun ratsa ta wata kasuwar mako, inda sabon gero ya fara fitowa, mata na sayar da daddawa da kuka da tafasasshiyar gyaɗa, kekuna kuma an jingine su kamar garke. Abokina, wanda rabonsa da babur ya daɗe, ya riƙe rigar mai tuƙin kamar wanda ya kama ɓarawo.

Tun daga nesa muka hango soron ya ɗara duk gidajen ƙauyen. Jan gini ne mai hawa ɗaya, da zankwaye a kusurwoyinsa, waɗannan 'yan tsinin da ake yi wa kan gini kamar kunnen zomo. Fuskarsa duk zane ne da aka fitar da hannu a jikin laka. Sai kuma muka hango abin da ba mu zo gani ba. An jingina tsani, samari huɗu suna kan rufi da diga da shebur, sun riga sun sare zanko ɗaya.

Na sauka daga babur tun bai gama tsayawa ba. A ƙofar gidan an kafa turaku an ja wata farar igiya, ta taho daga bakin hanya, ta shige ƙofar soron ta tsakiya, ta fita ta taga ta baya. Maza biyu na tsaye, ɗaya a kowane gefen igiyar. Wa da ƙani ne, masu gidan. Bayan gaisuwa suka yi mana bayani ba tare da ɓoye komai ba. Mahaifinsu ya rasu bara, an raba gado, an auna filin gida aka raba biyu, layin kuma ya bi ta tsakiyar soron. Babban yana son ya yi shago a nasa rabin, ƙaramin yana son ɗakuna. Za a rushe, a raba itacen rufin, kowa ya kama gabansa.

Na roƙi izinin shiga suka ce bismillah. Sai da na tsallake igiyar sannan na shiga. Jama'a, ban taɓa shiga ɗaki irin wannan ba. A waje rana na dukan ƙeya, a ciki sanyi kamar bakin randa. Babu ginshiƙi ko ɗaya. Bakuna biyu ne na laka suka taso daga bango huɗu, suka lanƙwaso suka haɗu a can sama, irin ɗaurin da magina ke kira bakan gizo. Tsakaninsu an jera azara, wato tsagin giginya, an saƙa ta kamar faifai, ta yi baƙi tana ƙyalli don tsufa. A daidai mahaɗar an manna wata tasar tagulla. Na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Na ji abokina yana ta salati a hankali.

Na fito ban san lokacin da muryata ta hau ba. Na ce musu wannan abu ba nasu ba ne su kaɗai, na ce ko a Kano irinsa sai an tona, na ce 'ya'yansu za su tambaye su. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba hurumina ba ne. Babban ya bar ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, kai wace sana'a kake yi a birnin?"

Ƙanin matata ya kama tarin da ba shi da dalili. Na ce, "Siminti nake sayarwa."

Samarin kan rufi suka tuntsire da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "To gidanka na ƙasa ne? Daminar nan ruwa ya zubo ta kusurwar can. Maginin da ya san ɗaurin nan ya rasu, 'ya'yansa bulo suke bugawa. Makubar da ake shafewa da ita daga ɓawon ɗorawa ake jiƙa ta, ɗorawar an sare an yi gawayi. In ya rufto wa 'ya'yana, kai za ka zo da waya ka ɗauki hoto?"

Maganarsa ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma na koma ciki na duba kusurwar da ya ce. Gini dai na san shi. Tsaga ce da ba ta kai kamu biyu ba, indararo ne ya toshe ruwa ya kwanta. Aikin kwana biyu ne ga mutum uku. Na ce ni zan ɗauki nauyin gyaran, in nemo magini ko daga ina ne. Ƙaramin ya ɗago kai ya dubi wansa, na ga alamar zai so. Ya ce a hankali, "Yaya, ko a dakata?" Babban ya ce an ja igiya gaban shaidu, an riga an sa a buga bulo, ba za a mai da hannun agogo baya don baƙo ya zo ya ji daɗin kallo ba. Daga baya ƙaramin ya ja ni gefe ya faɗa mini gaskiyar abin. Tun mahaifinsu na kwance suka ga tsagar. Ba wanda ya yarda ya sa hannu a gyaran abin da rabinsa zai zama na ɗan'uwansa. Wannan ita ta fi komai ƙona mini rai. Ba talauci ba ne, ba ruwa ba ne. Gini ya tsaya tun kakan kakansu, ya ga damina ba adadi, ƙyashin mutum biyu ya kayar da shi.

Duk wannan abin da ake yi, wata tsohuwa na zaune a kan tabarma a gindin darbejiya tana kallonmu. Goggonsu ce, yayar mahaifinsu, a gidan aka haife ta. Ta yafito ni da hannu, na je na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi daga inda muke, na faɗa mata. Ta ce suna 'yan mata, duk shekara in an gama kaka sai dangi su taru a yi wa soron yaɓe. Maza na kwaɓa ƙasa, mata na jiƙa makuba suna daɓe da waƙa, a yanka akuya, a ci a sha. Ta ce a saman nan kakanta ke ajiye kanwa da gishiri, har yanzu in ka lasa bangon za ka ji. Ta ce ita an daɗe da ba ta nata rabon a gona, ba ta da ta cewa a nan.

Sai kuma ta ɗaga murya, muryar da ban zaci tana da ita ba. "Kai, ku sauko! Mutane sun taho tun daga Kano. Ku bari su gani sai an yi azahar."

Ba wanda ya yi musu. Samarin suka sauko ɗaya bayan ɗaya, babban ya kau da kai. Na ce, "Allah ya ƙara miki lafiya, Goggo." Ta ce, "Je ka yi abin da ya kawo ka, ɗan nan. Rana ba ta jira."

Awa biyu muka samu. Na zaro tef ɗin awo da ba ya barin aljihuna, muka auna komai, abokina na rubutawa. Kaurin bangon a ƙasa ya fi tsawon hannuna daga kafaɗa. Muka hau matakalar laka zuwa ɗakin sama da ke gefe guda, muka ɗauki hoton kowane zane da kowace kusurwa. Na faki idon mutane na lasa bangon saman. Gaskiyar Goggo ce, da gishiri.

Da aka idar da azahar suka koma sama. Sun ce kafin la'asar za su gama da rufin. Diga ta riƙa sauka tana dawowa kamar a kan dutse. Rufin da babban ya ce zai rufto wa 'ya'yansa, sai da ƙarti huɗu suka yi ta dukansa har la'asar sakaliya kafin su huda rami ɗaya. Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da hasken rana ya faɗo cikin ɗakin, ƙasa na zubowa a cikinsa. Ɗaya daga cikin samarin ya zura hannu ya ɓanɓaro tasar, ya miƙo ta ƙasa. Babban ya karɓa, ya jujjuya ta, ya dubi ƙaninsa. Na ce a raina yanzu ita ma za a ja mata igiya. Sai ya taka ya kai wa Goggo. Ta goge ta da bakin zane ta sa a cinya ta rufe da mayafi. Ba ta yi kuka ba. Ta juya tabarmarta ta ba soron baya. Muka yi mata sallama muka hau babura muka koma wurin mota. A Kazaure muka kwana, ban iya cin abincin kirki ba.

Ranar Litinin na so mu wuce gida kawai, amma abokina ya dage sai mun ƙarasa Babura kamar yadda muka tsara. Muka bi ta Achilafiya, hanya ta miƙe tsakanin gonakin gero da aka kwantar da na riɗi da ke tsaye. Duwatsu suka ragu, ƙasa ta buɗe ta koma yashi-yashi. Babura na cike da hada-hada, buhunan hatsi a kan kura da ƙananan motocin bas, tumaki da raƙuma a kara, mutanen Nijar da rawunansu suna ciniki, rabin magana da naira rabi da sefa. Muka ci gasasshen naman rago a bakin kasuwa, wanda ya ɗan dawo mini da hankalina.

Mai naman ne ya kwatanta mana gidan wani dattijo mai sayar da hatsi, ya ce in tsohon gini muke nema mu je can, amma mu sani mutumin taurin kai gare shi. Mun same shi a ƙofar gida ya naɗe wando, ƙafafunsa cikin kwaɓin laka har idon sawu. Zaurensa bai kai rabin soron jiya ba, ba shi da wani zane mai yawa, amma lafiyarsa ƙalau, ko tsaga babu. Ya ce kakanninsa daga gabas suka zo suka gina shi, kuma tun da ya gaji gidan bai taɓa tsallake shekara bai yi yaɓe ba. A cikin gida ya yi wa iyali ɗakunan bulo, amma zaure ya ce ba mai taɓa shi. Mutane na cewa rowa ce ta hana shi rushewa. Ya ce su ɗin dai in bazara ta yi zafi nan suke tarewa har ya rasa wurin shimfiɗa tabarmarsa. Wani baƙonsa daga Nijar da ke zaune a ciki ya ce a Damagaram irin waɗannan gidaje baƙi ke zuwa gani daga nesa. Na tambayi dattijon ko 'ya'yansa za su riƙe bayansa. Ya yi dariya ya ce, "Na san abin da za su yi. Shi ya sa ba na wasa da maganin hawan jini."

Na cire takalmi na naɗe wando na shiga kwaɓin don in taya shi. Ban yi minti goma ba cinyoyina suka fara rawa, bayana ya riƙe. Na fito na zauna ina haki, shi kuwa da ya girme ni da shekaru ya ci gaba da takawa yana ba mu labarin farashin dawa. Ya ce, "Alhaji, ai son gini a ƙafa yake." Ba mu bar wurin ba sai da ya cika mana leda da gyaɗa.

Mun shigo Kano ana kiran magariba. Kwana uku, garuruwa huɗu, abin da na gani tsaye da lafiyarsa zaure ɗaya ne, shi ma ran mutum ɗaya ke riƙe da shi. Na fita ina zaton ruwa da tsufa ke cinye gine-ginen nan. Na dawo na san hannunmu ne. Muna ɗibar ƙasarsu, muna fasa duwatsunsu, muna jan igiya ta tsakiyarsu, waɗanda aka ɗora wa kula da irin wannan kaya kuma ko hanyar wurin ba su sani ba. Na kuma koyi cewa fushin baƙon yini ɗaya abu ne mai araha. Ni ma da nake wannan huci, motocin da ke fita daga shagona na san yanzu inda wasunsu ke zuwa. Ban daina sayar da siminti ba, da shi nake ci da iyali. Amma duk wanda ya sake ce mini ya kawar da tsohon gini, sai ya zauna ya gaya mini wane iri ne, in kuwa bai riga ya kawar ba, sai mun yi doguwar magana.

Jiya na kai hotunan wani shago a wanke mini su a takarda, don in aika wa Goggo ta hannun ƙanin matata. Mai shagon, magidanci ne ba yaro ba, ya buɗe hoton cikin soron a kwamfutarsa ya tsaya. Ya ƙara girmansa, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani. Sannan ya juyo ya ce, "Alhaji, wace ƙasa ka je?"

Na ce masa ƙasar Gwiwa ce, nan Jigawa, in ya tashi da safe kafin azahar yana can. Ya ce wallahi sai ya kai 'ya'yansa hutun nan su gani da idonsu.

Na ce ya wanke biyu, ya riƙe ɗaya ya nuna musu.